Rowa ba a jini take ba: zare kan "homon ɗin kyauta"

1/ Akwai wata magana da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp, wai kimiyya ta gano cewa kyauta homon ce. Wai akwai sinadarin da in ya yi yawa a jininka sai hannunka ya buɗe, in babu kuma haka Allah Ya yi ka, marowaci, ba laifinka ba ne. Jama'a ku gyara zama, yau sai mun yi wagga magana. 🧵

2/ Masu yaɗa ta kashi biyu ne. Akwai marowata da suka samu mafaka, yanzu in ka ce su taimaka sai su yi dariya su ce "homon ɗina ne ya yi ƙasa". Akwai kuma masu bidiyon "taimako" da suka gane cewa in an iya taɓa zuciyar mutum na minti ɗaya, alat zai shigo. Dukansu suna yi mana ɓarna, mu mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum musamman.

3/ Sunan sinadarin oksitosin. Ƙwaƙwalwa ce ke sarrafa shi ta sake shi cikin jini. Aikinsa da babu gardama a kai guda biyu ne: yana matse mahaifa lokacin naƙuda, yana kuma sa nono ya zubo lokacin shayarwa. Sunan ma daga Girkanci ne, ma'anarsa haihuwa da sauri. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

4/ To ina kyauta ta shigo? A 2005 wasu masu bincike a Zurik ta ƙasar Suwizalan suka fesa wa ɗalibai maza oksitosin a hanci, wasu kuma aka fesa musu ruwan da ba komai a ciki, aka sa su wasan ba da amanar kuɗi. Cikin 29 da aka ba sinadarin, 13 suka miƙa duk kuɗinsu. Cikin 29 na ɗaya ɓangaren, 6 ne kawai.

5/ Sai 2007, Paul Zak da abokan aikinsa a Amurka suka yi nasu da maza 68. Aka ba mutum dala 10 ya raba da wani da bai sani ba. Suka ce waɗanda aka fesa wa oksitosin sun fi karamci da kashi 80 cikin ɗari. Wannan "kashi 80" ɗin shi ne ake ta kwafowa ana liƙawa a rubuce-rubuce har yau.

6/ Amma ga abin da masu kwafowa ba sa faɗa. Wasa biyu aka yi a binciken. A na farko, wanda aka ba kason yana da ikon ƙin karɓa, in ya ƙi kowa ya tashi a tutar babu. A nan ne sinadarin ya nuna tasiri. A na biyu, kyauta ce zalla, mai karɓa ba shi da ta cewa. A nan oksitosin bai canza komai ba.

7/ Ku sake karanta na 6. Wasan da ya fi kama da sadakar da muke yi, inda kake ba wanda ba zai iya rama maka ko ya hukunta ka ba, shi ne wanda "homon ɗin kyauta" bai taɓuka komai a cikinsa ba. A cikin takardar da ake kafa hujja da ita fa.

8/ Bai ƙare ba. A 2020 aka maimaita gwajin amana na Zurik da mutum sama da 600, an rubuta tsarin aikin tun kafin a fara don kada a murɗa sakamako daga baya. Ba a samu abin da aka samu a 2005 ba. Mutum 58 sun ce e, ɗaruruwa sun ce ba mu gani ba. Amma labarin farko ya fi daɗin yaɗawa, shi ya sa shi ne ya iso wayarka.

9/ Ba cewa nake jiki ba shi da hannu a tausayi ba. Yana da shi mana. Wanda ya taɓa ganin jariri yana kuka ya ji ƙirjinsa ya matse ya san haka. Hotunan ƙwaƙwalwa ma sun nuna cewa in mutum ya yi kyauta, sassan da ke motsawa lokacin jin daɗi suna motsawa. Wannan rahama ce, babu mai raina ta.

10/ Matsalata da ita ita ce zangonta gajere ne, idonta kuma ba ya gani nesa. Oksitosin da ke cikin jini mintuna kaɗan yake yi ya ragu. Tausayin da bidiyo ya tayar maka, kafin ka gungura zuwa bidiyo na uku ya huce. Kai ma ka sani, ni ma na sani.

11/ Akwai binciken 2007 na Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic. Ba homon suka auna ba, aljihu suka auna. Aka ba mutane dala 5. Waɗanda aka nuna wa hoto da labarin yarinya ɗaya 'yar Mali mai suna Rokia sun ba da kusan dala 2.38. Waɗanda aka ba alƙaluman miliyoyin masu yunwa sun ba da 1.14.

12/ Abin da ya fi ba ni tsoro: da aka haɗa hoton yarinyar da alƙaluman, sai kyautar ta faɗi zuwa 1.43. Wato da zarar an tuna wa mutum cewa akwai irinta miliyoyi, sai hannunsa ya fara naɗewa. Zuciya ta iya fuska ɗaya, ba ta iya lissafi ba.

13/ Yanzu mu dawo gida. A farkon 2010 likitocin MSF suka lura yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da farfaɗiya da amai da suma. Ba sanƙarau ba ne, ba zazzaɓin cizon sauro ba ne. Gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake kawowa cikin gida ana dakawa, ana niƙawa, ana shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe.

14/ Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza, Bagega a Anka. 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Yara sama da 400 suka rasu. A binciken gida-gida da aka yi a ƙauyuka biyu a 2010, cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Allah Ya jiƙansu.

15/ To ku gaya min, wace irin kyautar "na ji tausayi yanzu-yanzu" ce za ta magance wannan? Ka ba uwa dubu biyar gaban kyamara, ta koma gidan da ƙasarsa guba ce. Ko maganin da ke fitar da dalma daga jini ma likitoci ba sa fara bayarwa sai an tsabtace gidan, don in ba haka ba yaron zai sake shaƙa ya sake haɗiya.

16/ Tsabtacewar kuma ba abin ɗauka a bidiyo ba ce. Kankare saman ƙasa ne gida bayan gida, a kwashe a kai rami, a kawo sabuwar ƙasa a zuba, a auna, a sake aunawa. Shebur da baro da buhu, wata da watanni. Babu wanda zai yi hawaye don ya ga ana loda ƙasa a baro, amma shi ne ya tsayar da mutuwar.

17/ An yi wa ƙauyuka bakwai wannan aiki tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, aka bar ta. Yara kusan 1,500 suna jiran magani da ba za a iya ba su ba. A 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850. Damina ta zo ta wuce, shiru. Lokacin duniya ta gama kukanta ta koma wani labari.

18/ Me ya fito da kuɗin? Naci. MSF da Human Rights Watch suka ƙi yin shiru. Matasa irinmu, su Hamzat Lawal, suka ɗauko maudu'in #SaveBagega a ƙarƙashin Follow The Money, suna ta tambaya ɗaya: ina kuɗin da aka yi alkawari? A ƙarshen Janairun 2013 gwamnatin Jonathan ta saki kuɗin, a shekarar aka tsabtace Bagega aka fara ba yara magani.

19/ Ku lura, su ma da soshiyal midiya suka yi, su ma sun nuna hotunan yara. Bambancin shi ne ba su tsaya a "kai, abin tausayi" ba. Sun kama takardar kasafi, sun kama ma'aikatu da suna, bayan an saki kuɗin ma sun bi shi har ƙauyen. MSF kuma ta yi sama da shekara goma tana wannan aiki kafin ta miƙa shi ga jiha. Wane homon ne ke kai shekara goma?

20/ Sai magana ta biyu, wadda masu kiran oksitosin "homon ɗin soyayya" ba sa son ji. Carsten De Dreu da tawagarsa a Holan sun yi gwaje-gwaje a 2010 da 2011. Abin da suka gani shi ne sinadarin yana ƙara wa mutum son 'yan ƙungiyarsa da kare su. A wani gwajin, mazan Holan da aka fesa wa sun fi fifita masu sunayen Holan a kan masu sunayen Larabawa ko Jamusawa.

21/ Su ma waɗannan gwaje-gwajen ƙanana ne, kada mu mai da su wahayi. Amma abin da suke nunawa ba baƙo ba ne a wajenmu. Tausayin da jiki ke bayarwa kyauta yana da kan iyaka: 'yan gidanmu, 'yan garinmu, masu yarenmu. Da an ce "ba namu ba ne" sai ya mutu murus.

22/ Bari in faɗi abin da zai ɓata wa wasu rai. A rikicin nan namu akwai marayu a ƙauyukan manoma, akwai kuma marayu a rugage, yaran da ba su taɓa riƙe bindiga ba, aka kore iyayensu ko aka kashe. Ka sa hoton na farko, za a tura kuɗi. Ka sa na biyu, ka je ka karanta abin da za a rubuta a ƙasa. Yunwar cikinsu iri ɗaya ce fa.

23/ Kuma ba a tsakaninmu kaɗai ba. Mu ma "ba namu ba" ne a idon wasu. A Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnatin jiha ta ce mutum 58, mazauna suka ce kusan 200, dubbai suka gudu. Kwana nawa aka yi ana maganar a nan dandalin? Mutanen kuma kwana nawa suka yi ba su koma gida ba?

24/ A daminar 2024 ruwa ya ci Gummi, gidaje da gonaki, a watan Satumba kuma kwale-kwale ya kife da manoma masu zuwa gona. A Satumbar nan ne madatsar Alau ta ɓalle kusa da Maiduguri, aka tara biliyoyi. Wallahi ba na ƙyashin ko sisi, sun cancanci fiye da haka. Ina nuna muku ne cewa tausayi yana bin inda kyamara ta fi yawa.

25/ Testosteron fa? Ana cewa shi ne homon ɗin rowa da mugunta, shi ya sa wai maza ba su da tausayi. A 2010 Christoph Eisenegger da abokansa a Zurik suka ba mata testosteron, sai aka ga sun fi yin rabon adalci. Amma matan da suka ɗauka cewa an ba su, ko da ba shi aka ba su ba, su ne suka fi yin rabon zalunci. 😂

26/ Wannan sakamakon ya kamata ya kashe maganar "a jinina take". Sinadarin bai sa su rowa ba, labarin da suka yarda da shi game da sinadarin ne ya sa su. To haka rubutun da kuke turawa zai yi. Ka gaya wa saurayi ɗan shekara 20 cewa rowarsa halitta ce, ka ba shi lasisi ke nan.

27/ Masana da yawa yanzu suna ganin testosteron ya fi alaƙa da neman girma. In a inda kake faɗa ne ke kawo girma, za ka yi faɗa. In kyauta ce, za ka yi kyauta. Ba sai mun je Zurik ba, mu je gidan biki mu kalli liƙi. Alhajin da ke watsa sababbin 'yan dubu-dubu maroƙi na wasa shi, je ka same shi shi kaɗai da takardar asibitin maƙwabcinsa.

28/ Haka ɗan siyasar da ke zuwa sansanin 'yan gudun hijira da katan ɗin taliya ashirin da masu ɗaukar hoto talatin. Hotonsa a jikin buhu, hotonsa a jikin leda. Wannan ba ya buƙatar gwajin jini, kowa ya san abin da ya kawo shi.

29/ Sai masu bidiyo, 'yan uwana matasa. Na san wasunku da zuciya ɗaya kuke, kuma na san akwai waɗanda aka yi wa aiki a asibiti ta dalilinku, Allah Ya saka. Amma ku dubi abin da sana'ar ta koya muku. Kiɗa mai sanyi a ƙasa, a matso da kyamara fuskar tsohuwa, a jira sai hawaye ya zubo sannan a miƙa ambulan.

30/ Wato tsohuwar sai ta biya da mutuncinta kafin a ba ta. Wadda ba ta iya kuka gaban baƙo ba, wadda kunya ta hana ta faɗin halin da take ciki, dattijon da gara ya kwana da yunwa da a gan shi a TikTok, waɗannan ba sa cikin lissafi. Kuma a ƙauyukanmu su ne suka fi yawa.

31/ Bayan mako biyu kuma wa ya koma? Nawa aka tara, nawa aka kashe, ina ragowar? In ka tambaya sai mabiya su yi maka ca, wai kai ɗan hassada ne, kai me ka taɓa bayarwa. To ai tambayar nan ce dai ta ceci Bagega.

32/ Masu cewa damuwa da talauci ne ke hana kyauta, wai kotisol, homon ɗin tashin hankali, yana rufe hannu, su zo garin Anka su gani. Da yawa cikin waɗanda suka gudo ba a sansani suke ba, a gidajen mutane suke, mutanen da su kansu tiya ɗaya ke gagararsu. An raba ɗaki, an raba tukunya, shekara da shekaru, babu kyamara.

33/ Abin da ke riƙe da waɗannan gidajen tarbiyya ce da zumunci da tsoron Allah da kunyar a ce ka kori baƙo. Abubuwan da ake koya ne, ana kuma iya rasa su. Iyayenmu ba su jira sai zuciya ta motsa ba, sun gina tsari. Gayya tana da rana. Adashe yana da kwanan zubi. Gudummawar biki har rubuta ta ake yi.

34/ Zakka ta fi kowanne nuna wannan. Hatsin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi, ɗaya cikin goma. Na ban-ruwa da wahala, rabin haka. Kuɗin da ya kai nisabi ya shekara, ɗaya cikin arba'in. An fayyace rukuni takwas na masu karɓa. Babu inda aka ce sai in ka ji tausayi, babu inda aka ce sai ɗan garinku.

35/ Manomin Bukkuyum da ke ware dami ɗaya cikin goma ranar da yake cikin fushi, ranar da bai ga fuskar kowa ba, ya fi fahimtar ɗan adam a kan mai rubutun "homon ɗin kyauta". Ya san zuciya tana hawa tana sauka, shi ya sa ba a bar mata ragamar ba.

36/ Zamfara tana da Hukumar Zakka da Waƙafi tun zamanin da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar. Mu matasa nawa ne muka taɓa tambayar nawa ta tara bara, nawa ya je Gummi, nawa ya je Anka, da wane ma'auni aka zaɓi masu karɓa? Ba zargi nake ba. Hukuma irin wannan tana ƙara ƙarfi ne in ana tambayarta tana amsawa a fili.

37/ Wani zai ce to ke nan mu daina turawa in mun ga bidiyo? A'a, tura. Amma kafin ka tura ka tambayi asibitin da sunan aikin, bayan ka tura ka koma bayan wata guda ka nemi rasit. Kuma ka yanke wani abu da kake fitarwa duk wata, ko ɗari biyar ce, ranar da ka ji tausayi da ranar da ba ka ji ba. Ku goma a aji ɗaya kun isa ku riƙe kuɗin makarantar maraya.

38/ Na ce za mu dawo kan aikin oksitosin na asali. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi wa mace allurar oksitosin da zarar ta haihu don mahaifa ta matse jinin ya tsaya. 'Yar ƙaramar kwalba ce, ba ta da tsada.

39/ Amma tana son sanyi, maki 2 zuwa 8, wato firji. Zafi yana kashe ƙarfinta. Wani bincike da aka yi tare da NAFDAC, aka wallafa a 2018, ya auna samfuran allurar da aka tattaro daga sassan Najeriya, kusan kashi 74 cikin ɗari suka faɗi gwajin inganci. Yanzu ku tuna zafin Afrilu a yankinmu, sama da maki 40, ku tuna yadda wuta take.

40/ Ungozoma za ta yi allurar da hannunta, ta yi daidai, jini ya ƙi tsayawa, saboda abin da ke cikin kwalbar ya riga ya lalace a kan kanta. Ga hanyar zuwa babban asibiti da dare yadda take a wannan zamani. (Kuma don Allah, masu sayenta a kemis don "saurin naƙuda" a gida, ku bari, tana iya fasa mahaifa.)

41/ Firji mai sola ba ya kuka, ba shi da fuska, ba zai samu masu kallo dubu ɗari ba. Shi ya sa ban ga ana yi masa gangami ba. Wanda ke Anka ko Gummi ko Bukkuyum, gobe ka leƙa ƙaramin asibitin da ya fi kusa da kai, ka gaida ma'aikatan da ladabi, ka tambaye su a ina suke ajiye allurar oksitosin, kuma firjin yana aiki? Ka rubuto sunan garin da amsar a ƙasan zaren nan, zan haɗa su wuri ɗaya.